Tsaron Ƙofa da Kiwon Zuciya

Duk wanda ya je majami'a ranar Lahadi a Kaduna, ko Jos, ko Sabon Garin Kano, ya san sujada takan fara ne tun daga bakin titi. Akan gicciye katako ko a jera ganguna cike da yashi, motoci su tsaya can nesa, samari 'yan Birged cikin kakinsu su tari jama'a da na'urar nan mai kuka idan ta ji ƙarfe. Mata su buɗe jaka, wasu majami'un ma sun hana shiga da babbar jaka sam. Yaron da ya taso yanzu yana ganin haka ake zuwa coci tun fil azal, amma iyayensa sun san lokacin da abin ya soma. Ranar Kirsimeti ta 2011 bam ya tashi a cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla, daidai lokacin da jama'a ke fitowa. A Fabrairun 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa da mota harabar hedikwatar ikilisiyar COCIN a Jos. A Afrilun shekarar aka buɗe wa masu sujada wuta a tsohon matsugunin Jami'ar Bayero. Tun daga nan kalmar tsaro ta samu kujera a taron dattawan ikilisiya: kwamitin tsaro, kuɗin tsaro, sanarwar tsaro kafin a sallami jama'a.

Babu mai hankalin da zai raina wannan aiki, domin sai da rai ake ibada. Sai dai shingen bakin titi gini yake karewa, da mutanen da ke cikinsa na awa biyu ko uku. Akwai abin da mai bi ke fita da shi ya koma gida, ya je kasuwa da shi, ya kwana da shi, wanda masu wa'azi ke kira rayuwar ruhaniya: bangaskiyarsa, addu'arsa, tsoron Allah, da yadda zuciyarsa take game da maƙwabci. Tsofaffin ikilisiya idan suna maganar wannan ba kasafai suke cewa tsaro ba. Kiyayewa suke cewa.

Kalmomin biyu 'yan ɗaki ɗaya ne, amma halinsu ya bambanta. Mai tsaro baya yake ba gida, idonsa na waje yana jiran ɓarawo. Tsarewa kuma tana da gefe mai kaifi, don wanda 'yan sanda suka tsare ba ya cewa an yi masa gata. Kiyayewa ta fi faɗi. Ana kiyaye doka, ana kiyaye alkawari, ana kiyaye harshe. Ɗalibi yakan kiyaye karatunsa ya riƙe shi da ka. Matafiyi a yi masa fatan Allah ya kiyaye hanya. Cikin duk waɗannan akwai kula ta yau da gobe, wadda ba ta jiran ranar hari. Kunne ma yana jin kusancinta da makiyayi, sunan da Zabura ta 23 ta kira Allah da shi, wanda Yesu ya ba kansa a Bisharar Yohanna sura ta 10, wanda kuma ikilisiya ke kiran fasto da shi. Wanda ya taɓa kwana a ruga ya san kura ba ta zuwa kullum. Abin da ke zuwa kullum shi ne tashin asuba, duba wadda ke ɗingishi, cire kaska, nemo kanwa, da sanin mashayar da ba ta ƙafe ba idan rani ya tsananta. Garken da aka yi wa shinge mai ƙarfi aka bar shi ba ciyawa zai ƙare ba tare da kura ta leƙo shi ba.

Littafin Misalai, wanda sabuwar fassara ke kira Karin Magana, ya sa kula da zuciya gaba da kowace irin kula a sura ta 4, bisa dalilin cewa daga cikinta rai ke ɓuɓɓugowa.

Idan aka tambayi dattijon ikilisiya abin da ya fi ɗauke masa mutane, da wuya ya fara da harsashi. Zai ce sanyi. A bakin Bahaushe sanyi galibi abin so ne, ruwan sanyi, sanyin rai, sanyin hali. Amma idan aka ce wane ya yi sanyi a cikin ikilisiya, an ce ciwo ya kama shi. Ciwon kuwa ba ya shiga da hayaniya. Mutum yakan fara barin taron addu'ar tsakiyar mako saboda kasuwa. Daga nan sujadar iyali ta safe ta koma addu'ar tsaye da makullin babur a hannu. Ranar Lahadi ya iso bayan an karɓi baiko, ya zauna kusa da ƙofa, ya fita kafin albarka. Bai musunta komai ba, bai yi faɗa da kowa ba, sunansa na nan a littafin ikilisiya, zakkarsa ma wataƙila tana shiga. A Ru'ya ta Yohanna an yabi ikilisiyar Afisa kan wahalarta da jimirinta da ƙin maƙaryata, duk da haka aka zarge ta da barin ƙaunarta ta fari. Ita ma ƙofarta a tsare take.

Ciwon tsoho ne. A ƙarni na 4 wani mai zuhudu, Ebagiriyus, wanda ya ƙare rayuwarsa a hamadar Masar a shekara ta 399, ya lissafa miyagun tunani 8 da ke addabar mai ibada. Wanda ya fi tsoratar da shi a cikinsu wata irin kasala ce mai zuwa da tsakar rana. Ya kwatanta yadda mutum ke leƙa taga yana ganin rana ta ƙi tafiya, ya tsani ɗakinsa, ya tsani aikinsa, ya fara raya cewa 'yan'uwa ba su damu da shi ba, kuma da zai koma wani wuri da ya fi bauta wa Allah. Maganin da ya bayar ba shi da ban mamaki ko kaɗan: zauna inda kake, kama aikin hannu, rera Zabura, jira. Fastocin da ke kallon matasa suna yawo daga wannan taron farkawa zuwa wancan, kowane wata da sabon annabi, za su gane majinyacin.

Abinci na farko da aka ba masu bi a ƙasar Hausa karatu ne. Tun shekarun 1850 wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön, ya fara fassara sassan Littafi Mai Tsarki, kuma kunnensa da bakinsa a wannan aiki wani saurayi ne, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda ya bi matafiyi Barth zuwa Ingila. Cikakken littafin bai fito ba sai 1932, bayan dogon aikin da Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya jagoranta, mutumin da ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905 kafin mishan ya koma Wusasa a 1929. A nan Wusasa akwai zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim, wani malamin Kano da aka kashe wajajen 1867 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a koyarwarsa. Almajiransa sun watsu ƙasar Ningi da ƙauyukan Zazzau, suka riƙe abin da suka ji daga bakinsa kusan shekara 50, daga uba zuwa ɗa, har wasunsu suka iske Miller a 1913. Waɗanda suka karɓi Kiristanci suka kafa zango a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, aka kwaso 'ya'yan da suka tsira zuwa makaranta. Daga wannan tsatso Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Littafin na 1932 bai tsaya hannun Hausawa ba. Ya zama littafin Birom da Angas da Tangale da Bura da Bachama da Kataf, mutanen da kowannensu ke da harshensa amma Hausa ce ta haɗa su a majami'a, kamar yadda ta haɗa su da ƙananan ikilisiyoyin Maradi da Tsibiri da Galmi a Nijar. A tashoshin mishan da yawa, ajin baftisma da ajin koyon karatu tafiyarsu ɗaya, don a tunanin masu koyarwar, wanda bai iya buɗe littafi da kansa ba zai rayu ne da abin da wani ya tauna masa. Shi ya sa har yau ake samun tsohuwa a ƙauye wadda ba ta taɓa shiga aji ɗaya na boko ba, amma tana bin aya da yatsa, kuma idan idonta ya gaza haddarta ba ta gaza ba. Kusa da Littafi Mai Tsarki kuma akwai Littafin Waƙoƙi, wanda da yawa suka san lambobinsa da ka. Mai jagora ya faɗi lamba kawai, kafin a buɗe shafi murya ta tashi.

Amma littafi shi kaɗai bai riƙe kowa ba. Sunayen da masu bi suka raɗa wa kansu sun nuna inda suka sa ƙarfinsu: Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya. Shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya bazu a Arewa cikin shekarun 1960, a kan ƙananan ƙungiyoyin addu'a na unguwa aka gina shi. Kuma babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Zumuntar Mata. Zumunci a wurin Bahaushe na jini ne da aure, kuma an ce a ƙafa yake. Matan ikilisiya sun ɗauki kalmar da ƙafarta duka.

Ranar taronsu, da yamma idan rana ta yi sanyi, za a gan su da zane da ɗankwali iri ɗaya. Wata ta rungumi tulu tana buga bakinsa har ya riƙa fitar da amo mai zurfi, wata na kaɗa caki, wata na dukan ƙarfe, mai ba da waƙa ta ɗauko baiti saura su amsa. Bayan waƙa da karatu da addu'a sai a zo ga abin da baƙo zai ɗauka ƙaramin abu ne, wato kiran suna. Wadda aka kira mako biyu ba amsa, ba za a kai mako na uku ba sai an ga uwar zumunta da mata biyu a ƙofar gidanta.

"Salama. 'Yar'uwa, lafiya kwana biyu ba mu gan ki ba?"

"Lafiya lau, Mama, hidima ce ta yi mini yawa."

"To, madalla. Mu dai gaisuwa ta kawo mu. Shimfiɗa mana tabarma mu yi addu'a."

Kafin a naɗe tabarmar, galibi hidimar ta faɗi sunanta na gaskiya: maigida ya daina kawo cefane, ko yaro ya shiga shaye-shaye, ko wata a cikin zumuntar ta yi mata maganar da ta tsaya mata a wuya. Su ne masu kai hatsi da sabulu gidan haihuwa, su ne masu kwana a gidan makoki, su ne masu tara kuɗin asibiti. Fasto yakan ga garkensa daga bagadi sau ɗaya a mako. Su suna ganinsa a bakin murhu.

Idan gaisuwa ba ta yi ba, ikilisiya tana da wata kalma mai nauyi, horo. Ita ma fuska biyu gare ta. Ana horar da soja da doki don su ƙware, ana kuma hora mai laifi don ya ɗanɗana. A ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN, wanda ya faɗi cikin zunubin da ya fito fili akan sanar da jama'a an sa shi a horo. Ya sauka daga duk muƙamin da yake riƙe da shi, ba ya cin Jibin Ubangiji, a wurare da yawa kuma bencin baya ne wurin zamansa, har tsawon watannin da dattawa suka yanka. Ranar da aka karɓe shi akan yi murna a fili. Tsarin da Matta sura ta 18 ta shimfiɗa a hankali yake tafiya: a fara samun mutum shi kaɗai, sannan da shaida ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai gaban jama'a. Wasiƙar Galatiyawa ta ƙara da cewa a maido da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Ƙorafin da ake yawan ji a yau shi ne bencin bayan ya fi sanin yarinyar da cikinta ya fito da matalaucin da aka gani a mashaya, bai cika sanin mai kuɗin da ya danne gonar marayu ba. Inda horo ya koma tonon silili, mutum yakan tsallaka titi ya shiga wata majami'ar da ba a san shi ba, ciwonsa na nan yadda yake.

Tsoro kuma ya buɗe wata kasuwa. Akwai man shafewa a ƙananan kwalabe, ruwan da aka yi wa addu'a, hankici, takardar mannawa a gilashin mota da ƙofar shago, duk da sunan kariya. Akwai masu buɗe Zabura ta 91 su tura ƙarƙashin matashi su kwanta, ba tare da sun karanta ta ba. Masu yin haka suna da abin kafa hujja, tunda wasiƙar Yaƙub ta ce dattawa su shafa wa marar lafiya mai su yi masa addu'a. Masu suka kuwa sukan tuna cewa kakanninsu, a Filato da ƙauyukan Maguzawa, sai da suka ƙone layu da guraye kafin su shiga ruwan baftisma, su tambaya ko layar ce ta dawo da sabuwar riga. Sukan kuma nuna wani abu da ke cikin Matta sura ta 4: lokacin da Shaiɗan ya kai Yesu ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, da wannan Zabura ta 91 ɗin ya kafa masa hujja, Yesu kuwa ya ƙi.

Akwai ciwon da ya fi sanyi wuyar magani, kuma shi ta ƙofar tsaro yake shigowa. Wanda ya binne nasa, ya ga majami'arsa ta zama toka, ya kwana yana gadi da gora, a hankali yakan fara kallon kowane mai hula da carbi a matsayin abokin gaba, har maƙwabcin da suka sha fura tare shekara da shekaru. Ana kiran wannan ɗacin rai, mai shi kuma yakan ɗauka himma ce.

Fasto James Wuye na Kaduna ya ba da labarin kansa a wurare da yawa. Yana cikin jagororin matasan Kirista masu ɗaukar makami, kuma a rikicin 1992 da ya biyo bayan na Zangon Kataf ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. An haɗa su a 1995, suka fara aikin sulhu tare, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai. Abin da ya sa labarin ya shafi wannan magana shi ne abin da Wuye ya faɗa da bakinsa: shekaru bayan sun fara yawo tare, suna kwana ɗaki ɗaya, zuciyarsa na raya masa ya danne abokin tafiyarsa da matashi. Yana wa'azi, yana addu'a, yana aikin zaman lafiya, ƙiyayyar na nan kwance. Abubuwa biyu ya ce sun karya ta: zuwan da Ashafa ya yi duba mahaifiyarsa a asibiti, da maganar wani fasto da ya gaya masa ba a yi wa Almasihu wa'azi da ƙiyayya a ciki. Gafarar ta ɗauke shi shekaru, kuma ba shi kaɗai ya yi aikin ba.

Ekklesiyar 'Yan'uwa ta sha wannan gwaji a matsayin jama'a guda. An fara ta a Garkida a Maris 1923, da sujada ƙarƙashin itacen tsamiya, kuma ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami daga uwar ɗarikarta wadda ta samo asali a Jamus a 1708. Yankinta na cikin wuraren da Boko Haram ta fi yi wa ɓarna. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a Afrilun 2014 'ya'yanta ne. A ƙarshen Oktoban shekarar aka mamaye hedikwatarta a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos da zama. A Janairun 2020 aka kashe fastonta Lawan Andimi bayan an sace shi a Michika, wata guda bayan haka aka kai hari Garkida kanta aka ƙone majami'a.

Ba kowane ɗan ikilisiyar ne ya gamsu da koyarwar haƙuri ba. Akwai matasan da suka ce an mai da su raguna. Amma shugabancin bai sauya matsayi ba, kuma bai tsaya ga wa'azi ba. An shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda mutane ke zama kwanaki suna faɗin abin da suka gani da idonsu, suna kuka a gaban juna, kafin a zo maganar yafewa. An ci gaba da aiki da malaman Musulmi a shirin zaman lafiya na haɗin gwiwa, wanda ya sa a 2016 aka ba ikilisiyar da abokan aikinta Musulmi lambar yabo ta Michael Sattler a Jamus. A Gurku, cikin jihar Nasarawa, wani ma'aikacinta ya jagoranci kafa matsugunin 'yan gudun hijira inda Kirista da Musulmi ke zaune gida kusa da gida, da majami'a da masallaci. Waɗanda suka tsallaka Kamaru kuwa sun sake kafa ikilisiyoyinsu a sansanin Minawao. Shugabannin sun koma Kwarhi a 2016, kuma a Maris 2023 ikilisiyar ta yi bikin cika shekara 100, alhali da yawa daga mutanenta na yankin Gwoza ba su koma ƙauyukansu ba tukuna.